Kifi a ƙasa, lambu a sama



Duk wanda ke Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san yadda zuwa gona ko fadama ya zama abin fargaba saboda 'yan bindiga. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da mai kiwon tarwaɗa ko kaji zai dawo da lambunsa cikin gida, har saman rufi in gidan na dakin ne.

Taki da ruwa duk kana da su. Ruwan da kake zubarwa in ka canza wa kifi, taki ne a narke. Kashin kaji ma haka, sai dai a bar shi ya ruɓe kamar wata biyu, don ɗanye yana ƙona shuka. Ranar da ka sa wa kifi gishiri ko magani, kar ka yi ban-ruwa da wannan ruwan.

Inda na saɓa da wasu shi ne ɗora tankin kifi a sama. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, wato tankin lita 1,000 tan guda ke nan a kan iyalinka. Kifi ya zauna a ƙasa, ruwansa kawai za a riƙa hawa da shi.

Buhun siminti da aka cika da jiƙaƙƙiyar ƙasa ma yakan kai kilo 50. Sai a gauraya ƙasar da ɓuntun shinkafa don ta yi sauƙi, a huda gindin buhu, a ɗora kan bulo, a jera ta saitin bango, ban da tsakiyar ɗaki. A bar hanyar indararo a buɗe. Kafin komai, a kira injiniya ko magini ya duba. Mai rufin soro ko kwano kuwa, ya jera buhunansa a tsakar gida.

Fara da buhu 10: alayyafo, da ake yanka cikin wata guda, sai yakuwa, kuɓewa, tumatir da attaruhu. Da bazara a yi musu rumfa, a ba su ruwa safe da yamma.

Sai haƙƙin maƙwabci. Daga sama ana hango tsakar gidan mutane da iyalinsu. Ka kewaye da zana, ka kuma sanar da su kafin ka fara. Zanar za ta tare maka iskar hunturu ma.

Buhu 10 ba zai maye gona ba, amma zai rage kuɗin cefane. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya.