Filin masu mota: maganin da ba ya kaiwa wurin ciwo

A garejin Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai wani ciwon mota da ya fara yawa, yana cin kuɗin jama'a kuma ba ya warkewa. Da safe mota ta tashi da kakkarwa kamar za ta mutu, sai ta yi zafi sannan ta daidaita. A bisa hanya ba ta ja kamar da, tana shan isansi fiye da ƙa'ida, wani lokaci fitilar inji ta kunnu gaban direba. Mai mota ya canza buji, ya canza filtir, ya sayi kwalbar magani ya juye cikin tanki, ya ɗora laifi ga ƴan ruwa-ruwa. Bayan sati biyu ciwo ya dawo. Sau da yawa isansi ba shi da laifi. Wata baƙar dauɗa ce, wadda makanikai ke kira kalamin, ta daskare a bayan supap ɗin shigar iska.

Domin a gane zancen, sai a tuna cewa inji numfashi yake yi. Kowace silinda tana da supap iri biyu: na shigar iska da na fitar hayaƙi. A motocin da aka saba da su, masu karbirato da waɗanda suka biyo bayansu, isansi yana gauraya da iska tun a waje, sannan su bi ta kan supap su shiga silinda. Idan inji yana juyi 3.000 a minti, kowane supap na shiga yana buɗewa sau 1.500, kuma kowace buɗewa isansi yana wanke bayansa. Wanka ne da ba wanda ya biya kuɗinsa, shi ya sa ba a san darajarsa ba sai da aka rasa shi.

A sabon tsari, injekta ta koma can cikin silinda, tana fesa isansi kai tsaye. Tsohon tsari yana aiki da matsi na bar 3 ko 4; sabon yana kaiwa bar 200, wasu na baya-bayan nan har 350. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Mercedes 300 SL ta 1954 tana da ita. Amma kamfanin Mitsubishi na Japan ne ya baza ta cikin motocin kowa da kowa a 1996 da sunan GDI. Renault ya biyo a 1999, Volkswagen a 2000 da FSI, Peugeot da BMW kuma suka fito da injin THP a 2006. Amfanin a fili yake: ƙaramin inji yana ba da ƙarfin babba, ga tsimin mai. Sai dai tun da isansi ya daina bi ta kan supap, wanka ya ƙare.

Daga ina dauɗar take fitowa? Kowane inji yana tara tururin man inji a cikinsa, kuma dokokin kare iska sun hana a sake shi waje, don haka akwai tiyo da ke mayar da shi hanyar shigar iska a ƙone shi. Wasu injuna kuma suna mayar da wani kaso na hayaƙi ta wannan hanya. Ga ɗan man da ke zurarowa ta jikin sandar supap idan robarta ta tsufa. Duk wannan yana sauka kan ƙarfe mai zafi ya soye, yau kaɗan gobe kaɗan, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Da farko yana da danƙo, daga baya ya yi tauri kamar gawayi. Hanyar iska ta ƙuntata, iskar ba ta juyawa yadda aka tsara, wuta ba ta kamawa daidai, musamman da sanyin safiya. In abin ya yi tsanani supap ba ya rufewa sosai, yana iya ƙonewa.

Abin da Turai ta gani shekarun baya shi ne ya iso Nijar yanzu, domin yawancin motocin ƙasar na hannu ne, waɗanda suka shigo ta tashoshin ruwa irin Kwatanu da Lome bayan sun yi shekara goma ko fiye a hannun wani. Da yawansu sun wuce kilomita 100.000, ke nan sun zo da kalamin ɗinsu. Mai saye ya duba bayan mota ko murfin inji: in ya ga GDI, FSI, TSI, TFSI, THP, EcoBoost ko D-4, to ya san irin injin da ke hannunsa. Yanayin ƙasar kuma yana ƙara wa ciwon ƙarfi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, man inji yana saurin gajiya, tururinsa ya ƙaru. Ana barin mota a kunne a tsaye saboda sanyin kilim. Tafiyar cikin gari gajera ce, daga gida zuwa ma'aikata. Ƙurar hunturu kuma, in filtir ɗin iska ya huje ko bai zauna daidai ba, tana shiga ta manne a kan danƙon.

A nan ne kuɗi suke salwanta. Kwalbar da ake juyewa cikin tanki tana bin hanyar isansi, isansi kuwa ba ya taɓa bayan supap. Tana iya wanke injekta, wannan gaskiya ne, amma ba ta kaiwa wurin ciwon. Haka nan canza gidan mai: ko na matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ko na wata ƙasa, duk hanya guda suke bi. Gurɓataccen isansi yana da nasa ta'adi ga pampo da injekta, amma wannan wani ciwo ne daban.

Mataki na farko shi ne gani da ido. Akwai ƙaramar kyamara mai doguwar waya da ake zurawa ta hanyar iska, tana nuna bayan supap a fuskar salula. Ya kamata mai mota ya ce a nuna masa kafin a kwance ko ƙusa guda, domin buji da bobin da injekta su ma suna kawo kakkarwa irin wannan.

Idan dauɗar ba ta yi kauri ba, akwai maganin da ake fesawa ta hanyar iska, inji yana kunne. Yana rage danƙo, amma yana son hankali: in aka fesa da yawa lokaci guda ruwan yana iya taruwa cikin silinda ya lanƙwasa ƙarfe, kuma ɓarɓashin da ya ɓalle yana iya raunata turbo. Na'urar idrojen da wasu gareji ke talla, mai kurin wanke inji ba tare da an kwance komai ba, ba ta da wani ƙarfi a kan kalamin da ya riga ya daskare a bayan supap.

Hanyar da ta tabbata ita ce a cire bututun shigar iska, a juya inji da hannu har supap ɗin silindar da za a wanke su rufe ruf, a toshe sauran ramuka. Sannan a fesa niƙaƙƙen ɓawon wani ɗan itace da Faransawa ke kira noix, mai tauri kamar ƙwallon aduwa, da iskar kwampireso, wata na'ura tana zuƙe shi tare da dauɗar. An zaɓi wannan ɓawo ne domin ya fi kalamin tauri amma bai kai ƙarfe ba. Inda babu shi, ana jiƙa wurin da maganin narkarwa, a kankare da buroshi da haƙuri, a zuƙe, a busar, silinda bayan silinda. Aikin yini ne, kuma a sa sabon juwan wajen mayar da bututu. Gargaɗi guda: kada wani ya ce ga rairayi kyauta a bakin gareji. Ƙwayar rairayi kaɗan in ta faɗa cikin silinda ta isa ta kashe inji. Sauke kilas kuwa shi ne matakin ƙarshe, sai in supap ya lalace.

Bayan wanki, kalamin zai dawo, amma ana iya jinkirta shi. A yi bidanji da wuri, kada a jira wa'adin da aka rubuta don sanyin Turai. A sa irin man da littafin mota ya faɗa, cikin galan rufaffe, kada a cika shi ya wuce alama. A duba filtir ɗin iska a kai a kai lokacin ƙura. A duba tiyon tururin nan da bawul ɗinsa, domin in ya lalace mai yana kwarara zuwa supap. Tafiya mai nisa, kamar Maraɗi zuwa Ƙonni, tana taimakawa, amma ba ta cire abin da ya riga ya daskare.

Su ma masu ƙera motoci sun sake shawara. Toyota ya fito da D-4S a 2005, mai injekta biyu ga kowace silinda, ɗaya a ciki ɗaya a hanyar iska. Ford ya bi sahu a wasu injunansa a 2017. Babban dalilinsu rage hayaƙi da tsimin mai ne, amma tsohon wankan ya dawo tare da shi. Mai neman mota yana da kyau ya tambayi wannan kafin ya biya.

Saura kira ga makanikai. Wanda ya koyi aiki a kan 504 da 505 gwani ne, ba mai musu, amma motocin da ke shigowa garejinsa sun canza. Kyamarar nan ba ta kai kuɗin salula mai kyau ba, kuma shugabannin gareji suna iya haɗa kuɗi su sayi na'urar fesa ɓawo guda su yi ta karɓa-karɓa. Ɗan taksin da ya ci bashi ya sayi mota ba shi da jikkunan da zai zubar a kan buji huɗu masu lafiya.