Dokin ƙofa: gyaran rani ne, ba na ranar da hadari ya haɗu ba



Yau maganarmu a kan ƙaramin abu ce, wanda kowa ke tsallakawa safe da yamma ba ya ko dubansa: dokin ƙofa. Kafin ku ce mun rasa abin faɗi, kowa ya leƙa na ɗakinsa tukuna. A gidaje da yawa simintin ya tsage, gefe ɗaya ya ɓantare, an cusa tsumma ko guntun buhu a ramin. A wasu gidajen itace ne, gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. A wasu kuma babu shi sam, ƙafa ta share shi tun shekaru, tsakar gida da tsakar ɗaki sun zama daidai wa daida. Ra'ayinmu shi ne: dokin ƙofar da ya lalace a cire shi a zuba sabo, yanzu cikin rani, a daina yi masa faci, a kuma daina jiran sai hadari ya haɗu.

Ba mu manta daminar 2024 ba. A ƙarshen watan Agusta ruwa ya sauka a Maraɗi kamar da bakin ƙwarya, mutane aƙalla 15 suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe. Lissafin da hukuma ta bayar na ƙasa baki ɗaya ya kusa mutum 400 da suka rasa rayukansu, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. Har komawar yara lakwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba. Abin lura a cikin wannan lissafi, mutane da yawa ba ruwa ne ya tafi da su ba, gini ne ya faɗo musu suna cikin ɗakinsu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mu faɗi gaskiya: ruwa irin na wannan rana, babu dokin ƙofar da zai tare shi. Amma ba kowace shekara ake irinsa ba, gidaje kuwa kowace damina suna faɗuwa. Abin da ke kashe ginin ƙasa ruwan yau da gobe ne, wanda ke kwanciya a gindin bango. Ƙasa ta sha ruwa daga ƙasa, danshi ya yi ta hawa, gindin ya yi laushi alhali nauyin bango da azara da rufi duk a kansa yake. Daga sama bango lafiya lau, har da zane da fenti, amma ƙafarsa ta riga ta mutu. To a duk jikin ɗaki, ina ne bango ya katse har ƙasa? Bakin ƙofa. Nan ne ruwan tsakar gida ke samun hanya, ya shige ƙarƙashin daɓe, ya jiƙa bango ta ciki inda rana ba ta kai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka.

Akwai wani abu da ke ƙara dagula lamarin a biranenmu: hanya tana hawa, gida yana nan inda yake. Iska ta kawo rairayi, shara ta taru, wannan ya zuba burji a ƙofarsa, wancan ya zuba ɓaraguzan gini, in an zo aikin titi a ƙara ciko. Shekara goma, ashirin, sai ka ga gidan da kakanmu ya gina bisa tudu yau gangarawa ake a shige shi. Duk wanda ya zaga tsofaffin unguwanni ya ga irin waɗannan gidaje. Ke nan tsawon dokin ƙofar da ya wadatar a zamanin iyayenmu ba lalle ya wadatar yau ba, ko da bai fashe ba.

Kuma ba ruwa kaɗai ba. Ratar da ke tsakanin ƙyaure da ƙasa ita ce ƙofar kunama a lokacin zafi, sa'ad da yara ke kwance a tabarma. Ita ce hanyar ɓera zuwa buhun hatsi, ita ce ta ƙurar hunturu. Karyayyen gefen siminti kuwa ya sha fasa yatsan yaro, ya sha kayar da tsohuwa da ta fito alwalar asuba cikin duhu. Tun muna yara ake hana mu zama a dokin ƙofa da magariba, ana ce mana wurin aljanu ne. Mun riƙe camfin, mun bar kula da wurin kansa.

Me ya sa ba a gyarawa? Amsar farko da za a ba ka ita ce babu kuɗi. Ba mu raina wannan ba, kowa ya san yadda cefane ya koma. Amma mu yi lissafi. Ƙofar ɗaki faɗinta bai cika wuce santimita 90 ba. Dokin da za a zuba mata bai cin rabin buhun siminti. Buhu ɗaya na kilo 50 yana iya isar ƙofofin ɗaki uku in babu ɓarna, kuma maƙwabta biyu suna iya haɗa kuɗi su raba. A kwatanta wannan da kuɗin katifa da ta jiƙe, da buhun gero da ya tsiro a ɗaki, da takardun yara, balle tada bangon da ya zube. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta rage farashin siminti saboda waɗanda ambaliya ta rusa wa gidaje. An yi ta murna, amma mutum nawa ne suka tuna da bakin ƙofarsu?

Mu a ganinmu akwai dalili na biyu da ba a son faɗi. Wanda ke riƙe da kuɗin gida ba shi ne ke kwashe ruwan ba. Maigida ya fita tun safe, in ya dawo ya tarar an share an shanya. Matan gida ne ke tsaye da kwano da tsintsiya tsakar dare suna yaƙi da ruwa, goyo a baya. Shi ya sa za ka ga an sayi fenti an gyara fuskar gida ta waje don idon mutane, ƙofar ɗakin uwargida kuwa tsumma ne ke tsaronta. Iyayenmu maza, ƴan uwa magidanta, a yi haƙuri, wannan maganar taku ce.

Sai kuma gidajen haya. Mai gida ya ce ai ba ni ke kwana ciki ba, ɗan haya ya ce ai ba gidana ba ne. Ana wannan ja-in-ja har bango ya jiƙe. Mai gida ya sani ginin da ke lalacewa nasa ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a zauna tun yanzu a yi magana, ɗan haya ya yi aikin, a cire masa a kuɗin wata, a gaban shaida.

In an tashi aikin, a yi shi na gaske. A fasa tsohon gaba ɗaya, a kwashe, a haƙa har a taɓa ƙasa mai ƙarfi. Sabon siminti da aka shafa bisa rubabben tsoho ba ya kamawa, damina ɗaya zai ɓare. A duba ƙafafun ƙofar: in ƙarfe ne tsatsa ta ci gindinsa, a kira mai walda kafin a zuba komai, in itace ne gara ta shiga, a canza, kada a binne cuta. Kwaɓin da magina suka saba da shi shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na rairayi mai tsabta, uku na tsakuwa. Rairayin da ya cakuɗe da ƙasa ko shara yana raunana aiki, ruwa mai yawa a kwaɓi ma haka. A shigar da dokin cikin bango dama da hagu, kada ya tsaya iyakar faɗin ƙofa, don a kusurwoyin nan ne ruwa ke satar hanya. A ɗan karkata samansa zuwa waje yadda ruwa zai gangara tsakar gida. A gwada buɗe ƙyaure da rufewa kafin kwaɓin ya daskare.

Sai abin da aka fi sakaci da shi: shayarwa. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, danshi yake so. A zafin Afrilu da Mayu, in an bar shi a rana zai tsage tun bai yi ƙwari ba. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har mako guda, a ɗora katako a riƙa tsallakawa. Cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana me ya sa aikin na rani ne. Wanda ya zuba shi ranar da gabas ta yi baƙi, kuɗinsa ya zubar.

Game da tsawo, kada tsoron ruwa ya sa mu gina katanga a bakin ɗaki. Santimita 10 zuwa 15 sama da tsakar gida yana isar yawancin ɗakuna. In wurin yana buƙatar fiye da haka, a yi matakala mai faɗi ko gangara, saboda tsofaffi, da mata masu ciki, da mai keken guragu. Wanda kuma ba shi da halin siminti, jan burji da duwatsu da aka daɓe sosai sun fi rami, sai dai a riƙa sabuntawa kowace shekara, kamar yadda ake yaɓe.

Wani zai ce: in kowa ya ɗaga ƙofarsa, ruwan ina za shi? Tambaya ce mai kyau. In ka ɗaga dokin ƙofar gida ba ka buɗe rariya ba, ka mai da tsakar gidanka tafki da hannunka. In kuma ka juya rariyarka ta kalli gindin bangon maƙwabci, ka tsira da ɗakinka ka kashe nasa, kuma rigimar da ke kai mutane gaban mai unguwa kowace damina ke nan. Don haka kafin a kira magini, a fito da maƙwabta a duba tare inda ruwan layin ke bi. Kuma wannan bai sauke wa ma'aikatar magajin gari nauyinta ba. Yashe kanibo da buɗe hanyoyin ruwa aikinta ne, za mu ci gaba da tambayarta a kai, mu ma mu daina mai da kanibo juji. Amma babu magajin garin da zai shigo ya gyara maka ƙofar ɗakin matarka.

Jama'a, damina ba ta zuwa ba zato. Kowa ya san watanta. Yau da yamma a zuba bokitin ruwa ɗaya a tsakar gida kusa da ƙofar ɗaki, a tsaya a ga inda ya nufa. In ya nufi ciki, to an ga aikin da ke jira, kuma akwai sauran lokaci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin ruwa, amin.