Muna Son Gonar Sola, Amma Ba a Kan Gonar Gero Ba



A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar wutar sola a ƙaramar hukumar Kumbotso, kusa da masana'antun Chalawa. Kamfanin Haske Solar ne ke da ita, kuma tana ba da megawat 10. Tun kafin nan, a 2019, Jami'ar Bayero ta samu tata mai megawat 7.1. Ashe a Kanonmu ma ana yi.

Mu a Ɗanbatta rana ba ta yi mana rowa ba. Amma da dare da tocila muke bitar karatu, iyayenmu kuma sai sun biya mai caji kafin waya ta tashi. Don haka duk kamfanin da zai kawo mana irin wannan tasha, muna maraba da shi.

Sai dai akwai abin dubawa. Tashar Kumbotso ta ci fili hekta 24, wato ya fi filin ƙwallo 30. A nan kuwa gonaki manne suke da juna, kuma yawancinsu gado ne. Fili kamar wannan gero ne da dawa da gyaɗa na gidaje masu yawa. Kuɗin diyya yakan ƙare, gona kuwa kowace damina tana cika rumbu.

Ga shawararmu. A fara neman fako, inda shuka ba ta yi. Idan dole sai an taɓa gona, a zauna da mai ita a gaban dagaci, ya yarda da bakinsa. A bar tumaki su yi kiwo a ƙarƙashin faifan, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin sola, to a ɗauki yayyenmu aikin gogewa. Babban abu kuma, kada waya ta bi ta kanmu zuwa birni alhali makarantu da asibitinmu suna cikin duhu.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mu kai wannan magana gida yau, kafin masu awon fili su iso.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare