Harsashi Gwargwadon Nama

Duk maharbin da ya daɗe a dawa ya san cewa gwargwadon yadda lambar jikin harsashi ta ƙaru, haka ƙwayoyin dalmar da ke ciki suke ƙanƙancewa. Saboda haka lamba 7 ta ishi kurciya mai ɓarnar hatsi, lamba 4 ta dace da zomo da zabon daji, alhali dinya, don kaurin gashinta, sai BB mai manyan ƙwayoyi. Abin takaici, na sha ganin mai tsumulmula ya ɗirka wa dinya harsashin kurciya, ta tsere tana jan fiffike, ta je ta mace cikin fadama, ba a yanka ba balle a ci. Wannan, a ra'ayina, azabtar da halittar Allah ne ba bisa haƙƙi ba. Maharba, a sake lale.