Waiwaye: Yadda Alƙahira Ta Raina Masu Kwashe Mata Shara

A gindin dutsen Muƙaɗɗam da ke gabashin Alƙahira akwai unguwar Manshiyat Nasir, mazauni mafi girma na mutanen da Misirawa ke kira Zabbalin. Kakanninsu manoma ne marasa gona daga kudancin Masar, yawanci yankin Asyut, Kiristoci Kibɗawa da talauci ya koro birni wajen shekarun 1940. Babu gwamnatin da ta ɗauke su aiki. Su da kansu suka shiga harkar shara, ɗa ya gaji layin ubansa.

Da asuba maza kan fita da keken jaki, daga baya da ƙananan motoci, su hau bene su karɓi shara a bakin ƙofar kowane gida. In an kawo gida, mata da 'yan mata su zauna tsinta: roba gefe, takarda gefe, gwangwani, kwalba, tsumma. A wanke roba, a niƙa ta a inji, a sayar wa masana'antu. Ragowar abinci kuwa aladu ake ba, kashinsu ya zama taki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na abin da suke kwasowa yana komawa amfani, adadin da manyan biranen Turai da dama ba su kai ba. Ba rayuwar jin daɗi ba ce. Ciwon hanta ya yi musu katutu, allurai da fasassun kwalabe na yanke hannun mata, yara da yawa ba su ga aji ba. Amma birnin yana sharuwa, kuma dubban gidaje suna ci.

A 2003 hukumomin birnin suka ga wannan tsari bai dace da zamani ba. Suka ba kamfanoni daga Sifen da Italiya kwangila ta shekara 15, aka ɗora kuɗin shara a kan takardar kuɗin wuta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sharaɗin kwangilar: kashi 20 kawai aka nemi kamfanonin su sarrafa, sauran a binne. Wato an biya baƙo kuɗi mai tsoka don ya yi rubu'in abin da ɗan gida ke yi. Manyan motocinsu suka kasa shiga lunguna. Mutanen da suka saba a zo musu har ƙofa aka ce su sauko da shara bakin titi. Da yawa suka ci gaba da biyan tsohon mai kwashe musu, ga kuma kuɗin hukuma. Daga ƙarshe kamfanonin suka koma ɗaukar Zabbalin ɗin aiki a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Sai ga 2009. Da murar aladu ta ɓulla a duniya, gwamnatin Husni Mubarak ta ba da umarnin hallaka aladun ƙasar, wajen 300,000, alhali ba a samu mai cutar ko ɗaya a Masar ba a lokacin, kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce matakin ba shi da amfani. Musulmi ba ruwansa da naman alade, wannan ba abin muhawara ba ne. Sai dai waɗanda suka yanke hukuncin ba su tambayi ina ruɓaɓɓen abincin birni mai miliyoyin mutane yake tafiya kullum ba. Da dabbobin suka ƙare, Zabbalin suka daina ɗaukar abin da ba su da inda za su kai shi. Cikin 'yan watanni tsibin shara ya cika tituna, wari da ƙudaje suka addabi kowa, Musulmi da Kirista.

Sai a 2013, da Laila Iskandar, wadda ta daɗe tana koyar da 'ya'yansu, ta zama ministar muhalli, aka himmatu wajen yi wa ƙungiyoyinsu rajista a matsayin ƙananan kamfanoni.

Mu ma muna da namu. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin birni a kan jakuna zuwa gona, ga 'yan jari bola da kasuwar Panteka ta Kaduna. A farkon 2025 hukumar Abuja ta hana su baban bola yawo a cikin gari saboda satar murafun magudanan ruwa da wayoyin wuta. Satar gaskiya ce, ɓarawo kuma a hukunta shi. Amma kafin a yi musu kuɗin goro, ya kamata wani ya zauna ya ƙirga ƙarfe da robar da suke ɗauke wa birnin kowace rana, a ba na kirki katin shaida, safar hannu da filin tsinta, a kuma faɗa mana wa zai ɗauki kayan in an kore su.