SHARHI: Bayan an yaye Windows 10, ko Linux za ta ceci tsofaffin kwamfutocin 'yan Najeriya?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, babbar manhajar da ya fito da ita a 2015, wadda har yau ita ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci a ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu a Najeriya. Kwamfutocin ba su daina aiki ba, shi ya sa masu su da yawa ba su ma san an yi ba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaron da kamfanin ke turowa kowane wata. Duk ɓarakar da masu kutse suka gano daga yanzu babu mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na wucin gadi.

Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. A watan Mayun 2017, muguwar manhajar nan ta WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitoci a Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta manhajarsu ba su ne abin ya rutsa da su.

Shawarar kamfanin ita ce a koma Windows 11. Sai dai ita wannan tana da sharuɗɗa: tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ta baya-bayan nan, wadda a ɓangaren Intel ke farawa daga zubi na takwas da ya fito a 2017. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjon da ake sayarwa a Banex Plaza da ke Abuja, Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja sun girmi wannan ƙa'ida. Sayen sabuwa kuwa ya fi ƙarfin ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, ganin cewa dalar da ake canzarwa kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024.

A nan ne maganar Linux ta shigo. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, aka kuma sake ta ga jama'a bisa lasisin da ya ba kowa damar amfani da ita, duba yadda aka gina ta, gyara ta da raba ta, ba tare da biyan ko sisi ba. Ba baƙuwa ba ce a hannunmu, domin Android da ke cikin yawancin wayoyin ƙasar nan a kan ginshiƙin Linux aka ɗora ta.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne Linux iri-iri ce. Biyu sun fi dacewa da mai farawa. Ta farko Ubuntu, wadda attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, sunanta kuma kalma ce ta harsunan Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka. Ta biyu Linux Mint, wadda aka gina a kan Ubuntu, kuma tsarin fuskarta ya yi kama da na Windows. Mint na iya tashi da RAM mai gigabayit 2, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki, sannan zubinta na 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma wannan ba aikin gaggawa ba ne. Matakin farko shi ne mutum ya kwashe takardunsa da hotunansa zuwa wata ma'ajiya ta daban. Na biyu, tun yana kan Windows ya fara sabawa da LibreOffice a madadin Word da Excel, domin nan ne sauyin ya fi tsaya wa mutane a rai. Na uku, ya sauke Mint ko Ubuntu daga shafinsu na asali, ya ɗora a filashi, ya tayar da kwamfutar daga filashin. Ta haka zai gwada intanet, sauti da na'urar buga takarda ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Sai ya gamsu sannan ya girka ta, ko dai kusa da Windows ko a madadinta. Masu rubutu da Hausa ma suna da tasu riba: akwai tsarin madannai na Hausa a ciki, mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ.

Amma fa Linux ba maganin kowace cuta ba ce. CorelDraw da Photoshop, waɗanda masu zane da ɗab'i ke ci da su, ba su da zubin Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, sai dai koyonsu na cin lokaci. Takardar Word mai sarƙaƙiyar tsari kan ɗan jirkice idan aka buɗe ta a LibreOffice. Saukar da manhajar kanta na cin data ta gigabayit da dama. Babbar matsalar kuma ita ce mai gyara: idan Windows ta rikice akwai wanda za a kai wa a kowace unguwa, amma masu hannu a Linux ba su da yawa.

Jamus na da darasi a kan haka. Birnin Munich ya shafe fiye da shekara goma yana amfani da tasa Linux ɗin, sai a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, mataki-mataki, ta fara da manhajojin ofis tare da horas da ma'aikata. Manhajar kyauta ce, amma horo da kulawa ba kyauta ba ne.

Saboda haka aikin da ke gaban hukumomi irin su NITDA, kwalejojin kimiyya da fasaha da ƙungiyoyin masu gyaran kwamfuta shi ne su saka Linux a cikin horon da suke bai wa matasa. Makarantar da ke da kwamfutoci ashirin da ba za su ɗauki Windows 11 ba tana da zaɓi uku: ta zubar da su, ta ci gaba da amfani da su babu kariya, ko ta koya wa malami ɗaya yadda zai sauya musu manhaja. Na ukun ne kawai aljihunta zai iya ɗauka ba tare da ta jefa bayanan ɗalibanta cikin haɗari ba.