Wai Tuƙin Mota Sati Uku Ne

Haka aka faɗa a wurin walimar nan ta makon jiya a nan unguwar Bè da ke Lome, kuma ba yaro ne ya faɗa ba. Babban mutum ne da ya yi furfura a harkar motocin gwanjo a bakin tashar jiragen ruwa. Ba sai na kama suna ba. Waɗanda suka ci shinkafar sun ji da kunnensu, waɗanda ba su samu zuwa ba kuma an tura musu ta WhatsApp kafin la'asar. Abin da ya fi maganar ciwo shi ne yadda aka karɓe ta. Sai gyaɗa kai ake yi, "ƙwarai kuwa, Alhaji", "wannan haka yake, ranka ya daɗe", har da mai ƙarin gishiri cewa ƙanensa kwana goma ya yi ya fara kutsawa kasuwar Asigame da mota. Kwana goma! Allah ya tsare masu tallar burodi a bakin hanya.

Kowa kuma ya san abin da ya jawo zancen. An hana yaron da ya shekara da shekaru yana bin babbar mota zuwa arewa makulli, wai ba shi da takarda, aka damƙa wa wanda ya gama oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, watan jiya mota ya kai ta Sinkase. Wannan ita ce sabuwar hikimar unguwarmu: takarda ita ce direba, mutumin da ke riƙe da ita rakiya kawai ya yi mata.

Me ake koya a sati ukun? Na ga yadda ake yi, kowa ma ya gani. Da sassafe, kafin gari ya waye sosai, a kan wani layi da ba kowa sai awaki, ɗalibi ya ƙanƙame sitiyari har jijiyoyin hannunsa sun fito, malami na gefe ƙafarsa a kan nasa birkin. A ta da mota, ta mutu. A sake tayarwa, ta zabura, ta mutu. Bayan 'yan kwanaki ƙafar hagu ta fara sanin inda kuloci yake kamawa. A sa giya ta biyu, a yi kwana, a kafa sanduna a yi ribas a tsakaninsu. Shi ke nan, an iya motsa mota. Ba na musun wannan, yaro mai kan gado ma ba ya kai sati uku. Amma motsa mota daban, tuƙi daban, kuma duk wanda ya haɗa su wuri guda ko dai bai taɓa zama a bayan sitiyari a shataletalen tashar jiragen ruwa da ƙarfe biyar na yamma ba, ko kuwa yana da motocin da yake son ya sayar.

Tun da dai mutanenmu ba sa yarda da magana sai an ce daga Turai ta fito, to mu je Turan. A Faransa, wadda wasu a garin nan suke rantsuwa da ita, doka ba ta barin ɗalibin makarantar tuƙi ya shiga jarrabawar tuƙin mota mai giyar hannu sai ya yi aƙalla awa 20 tare da malami, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci, galibi sai an ƙara. Matashin da ya zaɓi ya koya a gefen iyayensa kuwa sai ya yi shekara guda cur yana tuƙi da babba a kusa da shi, ya ci aƙalla kilomita 3,000. A Ingila hukumar da ke kula da jarrabawar ta ce yawanci mutum yakan bukaci wajen awa 45 na darasi, da wasu awa 22 na gwaji da 'yan uwa. A jihar da birnin Sidni yake a Ostareliya matashi sai ya cike awa 120 a littafi, 20 daga ciki da dare. Waɗannan fa ƙasashe ne da aka shata layi a kan titi, danja tana aiki, akuya ba ta kwanciya a tsakiyar kwalta. Su ba su ce sati uku ba. Mu da muke da yashin Bè da ke riƙe taya, da ruwan da ke cika layukan bakin tafki duk watan Yuni har ba ka bambance titi da kwata, mu ne Allah ya hore wa basirar gamawa kafin wata ya mutu.

Ga kuma zemijan, wato baburan haya. Tun yajin aikin gama-gari da aka fara a watan Nuwamban 1992, wanda ya tsayar da tasi da bas wata da watanni, babur ya zama ƙafar mutanen Lome, kuma bai sake komawa baya ba. Tuƙi a garin nan rabinsa karanta zuciyar ɗan zemijan ne. Ka ga ya ɗan karkata kai, ka san ya hango fasinja a ɗaya hannun, zai yanke ta gabanka ba sigina ba sallama. Ka ga matar da ya goyo ta taɓa masa kafaɗa, ka san birki zai taka nan take. A wane shafi na littafin ƙa'idar hanya aka rubuta wannan? Ido ne ke koyonsa, shi kuwa ido ba a yi masa gaggawa. Alƙaluman da ma'aikatar tsaro take fitarwa sun nuna cewa a 2021, haka ma a 2022, sama da mutum 600 ne suka mutu a kan hanyoyin Togo a kowace shekara, ban da dubban da suka jikkata. Mai son ya ga fassarar waɗannan lambobi ya leƙa sashen karaya na babban asibitin Tokoin ranar Litinin da safe.

Yanzu a dubi wanda aka raina. Karen mota, yadda ake kiransa da wulakanci. Shekararsa ta farko ko sitiyari ba ya taɓawa sai da tsumma. Wanke mota, ɗaure tamfol, duba ruwan lagireto da baƙin mai tun asuba, kwana a ƙarƙashin tirela a Terminal du Sahel yana gadin batir. Idan aka tsaya a hanya shi ne mai zagaya tayoyi yana bubbuga su da ƙarfe, kunnensa na rarrabe wadda ta cika da wadda ta fara sacewa, yana kai bayan hannu kusa da ƙafar mota ya ji ko birki ya ɗauki zafi. Tsofaffin direbobi sun san abin da hawan Alejo da gangaren Defale suke nufi kafin a yi hanyoyin kewaye: mota da lodi tana nishi a giya ta ɗaya, yaro na tafe a gefenta a ƙasa rungume da weji, yana jiran ihun maigida ya cusa shi a bayan taya kafin ta fara komawa da baya. Wanda ya yi wannan ba sai an zana masa a allo cewa ba a sauka gangara da birki kaɗai ba. Ya shaƙi ƙaurinsa. Sannan a hankali a fara ba shi mota ya gyara mata tsayuwa a tasha, daga nan a sakar masa miƙaƙƙiyar hanya da rana tsaka maigida na gefe yana kamar barci, alhali ido ɗaya a buɗe yake. Daga Lome zuwa Sinkase ya haura kilomita 600, ta Atakpame, Sokode, Kara, Mango, Dapaong, kuma yaron nan ya san kowane rami da kowace kasuwar da ke cin rabin titi ranar cinta. Wannan ne aka ce bai iya ba. Wanda ya yi ribas tsakanin sanduna shi ne gwani.

Kuma a wane lokaci? Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa da a da suke bi ta Kwatano sun dawo ta tashar Lome, su ratsa Burkina Faso a jerin gwano da rakiyar soja kafin su isa Yamai. Hanya ta ƙara tsawo, ta ƙara haɗari, ana kwana da kwanaki ana jira a rana. Lokacin da ya kamata a riƙe gogaggun yara hannu bibbiyu, shi ne lokacin da masu kuɗinmu suka gano cewa sabon hannu ya fi araha.

Ni abin da ke ƙona mini rai ma ba a babbar hanya yake ba, a nan ƙofar gida yake. 'Yan sati ukun nan ka san su daga nesa. Su ne masu kunna babbar fitila a cikin gari su dalle maka ido, ka yi musu alama su rage, ba su ma san inda abin ragewar yake ba. Su ne ranar Juma'a za su zo a makare, su gicciye mota a bakin layi su toshe mutum goma, a idar da salla a yi ta cigiyar mai ita, shi kuwa yana can ya tsaya gaisawa da surukai. Su ne ranar kai amarya za su cika mota da 'yan mata, kowa ya zuro kai ta taga, ana tsere a kan titin bakin teku, hannu ɗaya a kan ham, ɗaya riƙe da waya ana ɗaukar bidiyo. Ham ɗin ma abin magana ne. Danja ba ta gama canzawa ba an danna. Mai keke ya gifta an danna. An iso ƙofar gida ƙarfe ɗayan dare, maimakon a sauka a buɗe, an danna har jariran layi su farka. Motocin zamanin nan marasa kuloci da suke saukowa daga jirgi sun ƙara lalata lamarin, don yanzu ko wahalar ƙafar hagu da take koya wa mutum ladabi babu. Taka ka tafi. In aka yi magana a ce hassada ce.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai tireloli ma suna kashe mutane, kuma masu jansu duk tsofaffin yaran mota ne. Za a ce iyayen gida suna bautar da yara shekara biyar ba ko sisi, suna koya musu shan ƙwaya don hana barci. Za a ce wanda bai iya karanta allon hanya ba haɗari ne. To, mun ji. Akwai azzaluman iyayen gida, kamar yadda akwai azzaluman komai, wannan ba sabon labari ba ne, kuma ba shi ne gabanmu ba yau. Allon hanya kuwa, don Allah! Mutumin da ya haddace garuruwan da ke tsakanin teku da Sahara shi ne jan da'ira da lamba a tsakiya zai gagara? Masu kawo waɗannan hujjoji galibi a bayan mota suke zama, a hannun mai zaman banza, wani ne yake jansu, kuma in ka bincika wanda yake jan nasu tsohon yaron mota ne. Ba sa ba ɗan sati uku iyalinsu ya kai su Kpalime. Namu 'ya'yan ne suka dace da shi.

Gaskiyar maganar, rikicin ya girmi mota. Tsohon raini ne na mai takarda ga ɗan Zango. Littafin ƙa'idar hanya da Faransanci yake, darasin oto-ekol da shi ake farawa, yaron da ya taso a makarantar allo da tasha kuwa Hausa yake ji, da Mina, da Kotokoli, wataƙila har da Zabarmanci da Mosanci da ya tsinta a hanya. Harshe biyar a bakinsa, amma jahili ne, don babu na shidan. Iyayenmu sun ga irin wannan lissafi a 1977, lokacin da aka rushe tsohon Zango da ke tsakiyar gari aka kwashe mutane aka kai su can arewa wajen Agoè, nesa da kasuwa, nesa da abokan ciniki, aka kafa manyan gine-ginen bankuna a wajen. Mutanen da suka ciyar da birnin nan da shanu da goro tun zamanin Jamus aka wayi gari su ne ƙazantar da za a share. A lokacin ma an samu 'yan cikin gida da suka ce ai ci gaba ne, suka yi shiru don a bar musu nasu. Jikokin wannan ɗabi'a ne yau suke zaune a rumfunan sayar da mota, suna kallon yaron da ya girma a gabansu suna tambayarsa takarda. Da hukuma ce ta faɗa, da mun ce aikinta ne. Jandarma a Tsevie in ya tambayi lasin bai yi laifi ba. Amma Alhaji, kai da ka san uwar yaron, ka san ubansa, ka ga ranar da aka kawo shi tasha da 'yar jakar leda?

Ba ina cewa a yi tuƙi ba lasin ba, kada wani ya je ya juya mini magana a majalisa. Lasin wajibi ne, hukumar sufuri ce ke bayarwa, kuma hanyar ofishinta ba ɓoyayya ba ce. Abin da yaron nan ya rasa bai wuce wanda zai zauna da shi bayan isha ya fassara masa littafin da Hausa ba, da wanda zai biya masa kuɗin makaranta da na jarrabawa. Muna da ɗalibai a jami'ar Lome da suke zaman kashe wando lokacin hutu, muna da zaurukan makarantun dare da babu kowa a ciki bayan ƙarfe tara. Kuɗin kuwa bai kai na ragon layyar da ake jerawa a ƙofar gida don maƙwabta su gani ba. Shekara nawa ƙungiyoyin unguwa suna karɓar kuɗin wata-wata, an sayi kujerun roba, an sayi lasifika, an ɗinka anko, ba a taɓa zama an rubuta sunayen yaran motar da suka isa a kai su jarrabawa ba.